Wasan Poka: A Zuba Ko A Ƙwanƙwasa In An Gamu Da Ɗan Burga?

Daga Wakilinmu

Kwanakin baya da na sauko Ikko, na yada zango a Obalende wurin wani ɗan garinmu, direba, wanda ya shekara bakwai yana tuƙa wani attajiri. Bayan mun ci abinci mun taɓa hirar gida, sai na ga ya zuba tagumi. Na ce masa, "Lafiya dai ko?" Ya ce, "Wallahi Malam, albashin wata biyu na zubar a karta."

Ashe maigidan nasa yakan je gidan caca a wani babban otal na Biktoriya Ailan, su kuwa direbobi suna jira a waje har tsakar dare. A nan ne wani ya koya musu wasan da ake kira poka. Da tsinken ashana suka fara, daga nan aka koma kuɗi. A cikinsu kuwa akwai wani mai zafin hannu wanda ba a raba karta bai zuba kuɗi ba. Abokin nawa ya ce, "In na zuba ya ninka, in na yi shiru ya zuba, ni kuwa sai in tsorata in ajiye. Ran da na yi zuciya na bi shi, ashe ran nan da gaske yake. Malam, kai da ka yi boko, irin wannan mutum riga shi zubawa ake yi, ko kuwa bar masa ake yi ya zuba?"

Na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Sabon Ibadan zuwa Anaca da Fatakwal, wannan wasa ya shiga wayoyin samarinmu. Tambayarsa tana da amsa, amsar kuwa lissafi ce. Amma ina roƙon mai karatu ya bi ni har ƙarshen lissafin, kada ya sauka a rabin hanya.

YADDA WASAN YAKE

Shi dai poka wasan Amurka ne. A farkon ƙarni na 19 ya bayyana a birnin Niyu Olins, ya bi jiragen ruwan kogin Misisifi ya bazu cikin ƙasar. Irin da aka fi yi yau shi ne wanda ake kira Holdam, wanda 'yan cacar jihar Tekzas suka kai birnin Las Begas, inda aka fara babbar gasar duniya cikin shekarar 1970.

Ba da kartar wot ake yinsa ba, da karta mai 52 ake yi, wadda take da dangi huɗu, kowane dangi karta 13. Kowa za a ba shi karta biyu a rufe. Sa'an nan a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda na kowa ne: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya ta ƙarshe. Kowa zai haɗa biyar mafi kyau daga cikin bakwai ɗin. Karta biyu masu lamba ɗaya su ne tagwaye. Biyar masu bin juna, kamar daga 6 zuwa 10, su ne jeri, sun kuwa fi tagwaye nesa ba kusa ba. Biyar 'yan dangi ɗaya kuma sun fi jeri.

Sau huɗu ake zagayen zuba kuɗi: kafin a buɗe kome, da kuma bayan kowace buɗewa. In zagaye ya zo kanka ba wanda ya riga ya zuba, zaɓinka biyu ne: ko ka zuba, ko ka ƙwanƙwasa tebur, watau ka ce a wuce, kana nan cikin wasa ba ka biya ko kwabo ba. Wannan shi Turawa ke kira cek. In kuwa wani ya riga ya zuba, zaɓinka uku: ka bi shi da daidai abin da ya sa, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa a tuli. Abin lura shi ne, ana cin tulin ta hanya biyu: ko kartarka ta fi ta kowa, ko kuwa kowa ya tsorata ya ajiye, ka kwashe ba wanda ya ga abin da ke hannunka.

ABIN DA ƊAN BURGA YA DOGARA DA SHI

Da hanya ta biyun nan ɗan burga yake cin abinci, kuma ba hauka yake yi ba. Wanda aka ba karta biyu masu lamba dabam dabam, in aka buɗe ukun farko, kashi 32 daga cikin 100 ne kawai zai sami tagwaye ko abin da ya fi. Watau kusan sau biyu cikin uku bai haɗa kome ba. Shi ɗan burga ya san haka, ya san kai ma yawanci fanko ne a hannunka.

Ga misali. A ce akwai Naira 10,000 a tuli, ya zuba 5,000. In ka ajiye ya ci 10,000, in ka bi shi ka cinye ya yi hasarar 5,000. Ke nan ko sau ɗaya cikin uku ka ajiye, ya mai da kuɗinsa. In kuwa kana ajiyewa sau biyu cikin uku, kamar yadda abokina yake yi, to kowane karo uku ya ci 20,000 ya bayar da 5,000, ribarsa 15,000, ko da takardar banza ce a hannunsa.

Amma fa lissafin nan kaifi biyu gare shi. Tun da kusan kowane hannu yake zubawa, alhali shi ma sau biyu cikin uku bai haɗa kome ba, to yawancin zubawarsa fankam fankam ce, ba kilishi ba. Ƙarfinsa da rauninsa a wuri ɗaya suke.

TAMBAYA BIYU KAFIN A ZUBA

Masana wasan sun ce dalilin zuba kuɗi na asali biyu ne: ko don wanda bai kai ka ba ya bi ka ya biya, ko don wanda ya fi ka ya tsorata ya gudu. Saboda haka kafin mutum ya miƙa hannu sai ya tambayi kansa: in na zuba, wa zai bi ni da hannun da bai kai nawa ba? Wa zai ajiye hannun da ya fi nawa? In amsar duka biyun babu ce, zubawar ba ta da amfani.

Mu gwada wannan a kan ɗan burga. In ba ka da kome, kuma ba abin da kake jira, maganar ta ƙare: ka ƙwanƙwasa, in ya zuba ka ajiye, ba abin kunya ba ne. Kada ka ce za ka rama burga da burga, domin ba a yi wa wanda ba ya gudu barazana.

In kuwa hannunka matsakaici ne, kamar tagwaye masu ɗan dama, a nan ne yawancin mutane suke kuskure. Sai su ce bari in riga shi don kada ya raina ni. To, in ka riga shi, fankonsa zai ajiye, ka ci abin da ke tuli kawai. In kuwa ya fi ka, ko ya ga dama ya yi maka burga babba, sai ya ninka, ka rasa tudun dafawa. Amma in ka ƙwanƙwasa, zai zuba da fankon da ya kamata ya ajiye, kai kuwa ka bi shi. Ke nan ka sa shi ya biya ka da hannun da ba zai taɓa biyanka ba da kai ka fara. Bugu da ƙari tulin bai kumbura ya fi ƙarfin hannunka ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta Oko-Oba ko wurin cinikin goro a Shagamu ya san wannan. In mai kaya ya ga mai saye yana rawar jiki, ba ya yanka masa kuɗi. Cewa yake yi taya. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara da bakinsa. Shiru ma magana ce, kuma wani lokaci ta fi magana tsada.

In hannunka mai ƙarfi ne ƙwarai, sai ka dubi irin ɗan burgar da ke gabanka, domin iri biyu ne. Akwai wanda shiru ne ke zuga shi: in ka ƙwanƙwasa ya zuba, in ka zuba ya gudu. Wannan tarko ake ɗana masa, a ƙwanƙwasa, ya zuba, sa'an nan a ƙara a kai ko a bi shi a hankali. A zamanin da, akwai gidajen karta a Amurka da suka hana wannan dabara, wai rashin mutunci ce, amma yau tana cikin wasa. Akwai kuma wanda ba ya son a riga shi: ka zuba ya ninka don nuna isa. Wannan kuwa zuba masa ake yi, a bar shi ya ninka da kansa.

DARASIN 1988

A gasar duniya ta shekarar 1988 mutum 167 suka shiga, aka yi ta zubar da su har saura biyu. Ɗaya shi ne Joni Chan, haifaffen ƙasar Sin wanda ya girma a Amurka, shi ne kuma ya ci gasar 1987. Ɗayan kuwa Erik Saidel ne, saurayi daga Niyu Yok, sabon shiga mai zafin hannu.

A hannun ƙarshe Chan yana riƙe da jak da 9. Shi jak matsayinsa tsakanin 10 da sarauniya yake. Saidel yana da sarauniya da 7. Aka buɗe sarauniya da 10 da 8. Saidel ya sami tagwayen sarauniya, hannu mai kyau. Chan kuwa ya haɗa jeri cif, daga 8 har sarauniya, babu hannun da zai iya doke shi a lokacin. Saidel ya ƙwanƙwasa, Chan ya zuba, Saidel ya ƙara a kai. Chan bai sake ƙarawa ba, sai ya yi jim kamar mai shakka, ya bi kawai. Aka buɗe ta huɗu, 2 ce. Saidel ya ƙwanƙwasa, Chan ma ya ƙwanƙwasa. Aka buɗe ta ƙarshe, 6 ce. Saidel ya ga kamar abokin karawarsa ya karaya, ya tura duk abin da ke gabansa. Chan ya bi shi nan take, ya kwashe gasar da Dala 700,000.

A lura, Chan bai riƙe dabara ɗaya ba. Ya zuba da farko, aka ninka masa, ya gane mutumin yana da abin da yake taƙama da shi kuma yana son turawa. Daga nan sai ya sakar masa igiya. Kuma bai ƙwanƙwasa ba sai da ya tabbata kartar da za ta fito ta cuce shi kaɗan ce.

INDA ƘWANƘWASAWA TAKE CUTA

To, kada mai karatu ya ɗauka ƙwanƙwasawa maganin kowace cuta ce. Illarta biyu ce, kuma duka biyun sun bayyana a hannu ɗaya a gasar 2003.

A shekarar nan mutum 839 suka shiga, saura biyu: Sam Farha, haifaffen Labanan, tsohon hannu, da Kiris Monimeka, wani akanta daga jihar Tenesi wanda ya sami kujerarsa ta hanyar wasa a intanet. Farha yana da sarauniya da 9, Monimeka yana da sarki da 7. Aka buɗe 9 da 6 da 2, biyu daga ciki 'yan dangi ɗaya. Farha ya sami tagwayen 9, Monimeka bai sami kome ba. Farha ya ƙwanƙwasa, ga alama yana jira a zuba masa. Monimeka ya ƙi zubawa, ya ƙwanƙwasa shi ma, ya ga karta ta huɗu kyauta. Ta fito 8, kuma daga dangin nan. Yanzu Monimeka yana jiran karta ɗaya ta ba shi jeri ko dangi biyar. Farha ya zuba, Monimeka ya ƙara a kai, Farha ya bi. Ta ƙarshe ta fito 3, ba ta taimaki Monimeka da kome ba. Farha ya ƙwanƙwasa, Monimeka ya tura duka. Farha ya daɗe yana tunani, daga bisani ya ajiye hannun da ya fi. Ba a jima ba Monimeka ya ci gasar da Dala miliyan 2.5, Farha ya tashi da miliyan 1.3.

Illa ta farko ita ce kyautar karta. Tagwayen 9 hannu ne mai kyau amma mai saurin lalacewa, ba kamar jerin Chan ba. Duk wani sarki ko as ko jak da ya fito yana iya kashe shi. Dubi kuma wanda yake da karta huɗu 'yan dangi ɗaya yana jiran ta biyar: saura 9 a cikin 47 da bai gani ba, watau kamar sau ɗaya cikin biyar zai samu a buɗewa ta gaba, in kuwa aka bar shi ya ga biyu, kashi 35 daga cikin 100. In ka zuba, dole ya sayi wannan dama da tsada. In ka ƙwanƙwasa shi ma ya ƙwanƙwasa, ka ba shi a banza. Saboda haka in kartar da ke tebur masu bin juna ne ko 'yan dangi ɗaya, hannunka kuma mai rauni ne, zubawa ta fi, ko da wa kake karawa.

Illa ta biyu ita ce mutum ya ƙwanƙwasa bai shirya abin da zai yi in an zuba masa ba. Wanda ya bi sau biyu sa'an nan ya gudu a karo na uku, ya biya kuɗin jirgi bai hau ba.

NAWA AKE BI DA SHI?

Shirin kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tuli yana da Naira 10,000, ya zuba 5,000, sun zama 15,000. Kai za ka sa 5,000 ka nemi 15,000. In ka faɗi sau uku ka ci sau ɗaya, ba riba ba hasara. Watau in kana ganin za ka fi shi fiye da sau ɗaya cikin huɗu, bi ya fi ajiyewa. In kuwa daidai da tulin ya zuba, 10,000, za ka sa 10,000 ka nemi 20,000, sai ka fi shi sau ɗaya cikin uku. A gaban mutumin da yawancin zubawarsa fanko ce, tagwaye masu kyau sun wuce wannan ma'auni. A gaban dattijon da ba ya zubawa sai da ƙwari, ba su kai ba. Karta ɗaya ce, mutumin ne ya bambanta.

Wurin zama ma yana da tasiri. Zagaye yana bin hannun agogo, saboda haka wanda ke damanka yakan riga ka magana. In ɗan burga yana damanka, kana ganin abin da ya yi kafin ka motsa. In yana hagunka, kai ne cikin duhu.

Sai kuma zuciya, wadda ita ce babban makaminsa. Ba kartarka yake hari ba, fushinka yake nema. Cikin shekarar 2017 wata kwamfuta mai suna Libratus ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Fitsbag, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta cinye su. Takan zuba, takan ƙwanƙwasa, takan yi burga, tana cuɗa su yadda ba a iya karanta ta, kuma ba ta taɓa bin wani don an raina ta ba. Abokina kuwa ran da ya bi mutumin nan, ba lissafi ya sa shi ba, haushi ne.

ƘARSHEN LISSAFI

Yanzu ga sauran lissafin da na yi alkawari. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a kan ɗaruruwan hannuwa, ba a dare ɗaya ba. Wanda zai ci sau ɗaya cikin uku yana iya faɗuwa sau shida a jere, bai kuwa yi kuskure ko ɗaya ba. Attajiri yana da aljihun da zai jure wannan. Mai albashi a faɗuwa ta huɗu kuɗin haya sun tafi, kuma wanda ke wasa da kuɗin haya ba ya iya bin burga ko da lissafi ya ce ya bi. Ɗan burga yana jin ƙanshin irin wannan kuɗi daga nesa.

Sa'an nan a gidan caca, ko na otal ko na waya, mai gida yana yankar kamashonsa daga kowane tuli. A ce kashi 5 cikin 100 ne. Mutum shida sun zauna da Naira 20,000 kowanne, jimla 120,000. In ana yin hannu 30 a awa, kowane tuli kamar 10,000, mai gida yana ɗaukar 500 sau 30, watau 15,000 a awa. Bayan awa huɗu rabin kuɗin da aka zo da su sun koma aljihunsa, bai riƙe karta ko ɗaya ba. Hukuncin caca kuwa a wurin Musulmi ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90, malamai sun fi ni bayaninsa. Ni dai abin da na gani shi ne, a wannan magana lissafi bai saɓa wa malamai ba.

Da na gama yi wa abokina wannan bayani sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ka ba ni dabara da hannun dama ka karɓe da hagu." Na ce masa ban karɓe ba. Wanda ya iya kame hannunsa a gaban mai zuga shi, ya iya barin mai rawar jiki ya faɗi kuɗi da bakinsa, ya iya haƙura da abin da ya riga ya tafi, wannan ya sami abin da zai amfane shi a kara da tasha da gaban maigida. Albashin wata biyu kuwa sun riga sun shiga tuli, ba nasa ba ne kuma. Komawa neman su shi ne garin neman gira a rasa ido.

Washegari da asuba, ina shirin kama hanyar Arewa, sai ya ƙirgo Naira 20,000 ya danƙa mini ya ce in kai wa mahaifiyarsa. Ya ce, "Gara su bi ka tun dare bai yi ba." Allah ya tsare mana guminmu, ya mai da mu gida da abin da muka fito nema.